Idan Rijiyar Zuciya Ta Ƙafe: Yadda Kirista Zai Sake Neman Kusanci da Allah

Shekarar da mahaifina ya rasu, na yi kusan wata bakwai ina zuwa majami'a kamar wanda aka aika. Ban fasa sujada ko sau ɗaya ba. Ranar Lahadi ina kan benci na biyu a cikin mawaƙa, littafin waƙoƙi a buɗe, bakina yana tafiya daidai da na kowa, amma zuciya kamar an yayyafa mata toka. In na durƙusa da dare, sai in ji addu'ar ta tsaya a kwanon ɗaki. Abin da ya fi cin raina kuwa, ba wanda zan iya faɗa wa. Yaya mai koyar da yara a makarantar Lahadi zai buɗe baki ya ce ba ya jin Allah?

Wani dattijon ikilisiyarmu ne ya gane. Bayan an tashi sujada ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, muryarka tana nan, amma kai ba ka nan. Lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, Baba." Bai yi musu ba. Ya ce zai zo gida ranar Talata, ya kuwa zo da kekensa, ya jingine shi a gindin dalbejiya, ya zauna kan tabarma. Da na gama zazzage masa cikina, sai ya nuna rijiyar da ke tsakar gidanmu ya ce, "In wannan ta ƙafe da bazara, cike ta kuke yi da ƙasa?" Na ce, "A'a Baba, yasa ake yi." Ya ce, "To, bari mu fara yasa."

Abin da zan rubuta a nan, yawancinsa daga wannan zaman ya samo asali, sauran kuma daga mutanen da na zauna da su daga baya suna cikin irin halin. Ina magana da kai ɗan'uwa, da ke 'yar'uwa, ko da na yi amfani da "kai" don sauƙin zance.

Kafin komai, ka sauke tsoro ɗaya

Rashin jin Allah dabam, rashin Allah dabam. Ji abu ne da ke hawa da sauka: yunwa tana taɓa shi, rashin barci yana taɓa shi, labarin da ka ji a rediyo da safe yana taɓa shi. Alkawarin da Yesu ya yi a ƙarshen Matiyu 28, cewa yana tare da mu kullum har matuƙar zamani, bai rataya a kan yadda ka tashi yau ba. Ka tuna da mutum biyun nan a Luka 24, da suka kama hanyar Imuwasu, tafiyar kusan kilomita 11 daga Urushalima, fuskokinsu a murtuke. Suna ba Yesu labarin yadda suka rasa Yesu, alhali shi ne ke tafe a gefensu. Wannan labari ya riƙe ni a watannin nan fiye da duk wa'azin da na ji.

Kuma damuwar da kake yi da wannan nisa ita kanta alama ce mai kyau. Gawa ba ta jin ƙishi.

Mataki na farko: ka gano abin da ya toshe rijiyar

A Farawa 26, Ishaku ya tarar Filistiyawa sun cike rijiyoyin mahaifinsa Ibrahim da ƙasa. Bai ce ruwa ya ƙare a ƙasar ba, sake haƙa su ya yi. Mai yasar rijiya yakan fara leƙawa ya ga abin da ke ciki, ko laka ce, ko gefe ne ya rufta, ko kuwa rani ne kawai ya ja ruwa ƙasa, don kowanne da aikinsa. Ka samu takarda da biro, ka keɓe awa guda, ka tambayi kanka: yaushe wannan abu ya fara, kuma me ya faru a rayuwata a wannan lokacin?

Ka fara duba jikinka. Mutane da yawa sukan tsallake wannan don suna ganin ba maganar ruhaniya ba ce, amma Allah da kansa da shi ya fara a kan Iliya. Karanta 1 Sarakuna 19. Annabin da wuta ta sauko saboda addu'arsa a Dutsen Karmel, saƙo ɗaya daga sarauniya Yezebel ya sa ya gudu har jeji, ya zauna a gindin wata bishiya ya roƙi mutuwa. Mala'ika bai zo masa da wa'azi ba. Ya tashe shi ya ce ya ci abinci ya sha ruwa, ya bar shi ya koma barci, ya sake tashinsa ya ƙara ci, don tafiyar da ke gabansa ta fi ƙarfinsa. Sai bayan kwana 40, a Horeb, aka zo kan magana. Idan kina jego kina barcin awa uku, idan kana aikin dare, idan zazzaɓin cizon sauro ko taifot ya kwantar da kai kwanan nan, idan tun safe kana gona har faɗuwar rana a tsakiyar damina, kada ka yi mamaki in addu'a ta yi maka nauyi. Wani lokaci abin da ya kamata ka fara yi shi ne ka ci ka ƙoshi, ka kwanta da wuri har mako guda.

Sai baƙin ciki, da fushin da aka haɗiye. Wannan shi ne nawa. Mun yi azumi, mun yi addu'a, ikilisiya ta kwana a asibiti tare da mu, mahaifina ya tafi. A wurin jana'iza na ce "Allah ya bayar, Allah ya karɓa" kamar yadda ake faɗa, amma a can ciki na juya wa Allah baya ban sani ba. A ƙasarmu akwai masu ɗauke da abin da ya fi wannan nauyi nesa ba kusa ba: waɗanda aka kora daga garuruwansu a Borno da Adamawa, da Filato, da kudancin Kaduna, waɗanda suka binne 'yan'uwa a rana ɗaya, waɗanda suka sayar da gona don su fanso ɗa. In kana cikinsu, nisan da kake ji ciwo ne, kuma ciwo jinya yake so, ba tsawa ba.

Akwai zunubin da aka ajiye ana lallaɓawa. Ishaya 59 ya faɗa ba kwana-kwana: hannun Ubangiji bai gajarta ba, kunnensa bai toshe ba, laifofinmu ne suka shiga tsakani. Wannan ba ya bukatar dogon bincike. In shi ne, tun kafin ka gama karanta wannan layi ka riga ka san sunansa.

Akwai kuma cunkoso kawai. Ba wani babban laifi, neman abinci ne, da kuɗin makaranta, da waya a hannu tun buɗe ido har rufewa. A misalin mai shuka a Markus 4, irin da ya faɗa cikin ƙaya ya tsiro, ɗawainiyar duniya ce ta sarƙe shi. Ma'aikatan ikilisiya ma suna faɗawa nan, kamar Marta da ta shagala da hidima ranar da Yesu ya sauka a gidanta: taron kwamiti, koyon waƙa, zumuntar mata, aikin gayya, ana ta hidimar Mai gida ba a zauna da shi ba.

Na ƙarshe, kana iya dubawa ka ga ba ko ɗaya. To kada ka ƙago wa kanka laifi. Abokan Ayuba sun dage lalle sai ya aikata wani abu, a ƙarshe Allah ya ce musu ba su faɗi gaskiya game da shi Allah ba. Rani yakan zo a gonar mai ƙwazo kamar yadda yake zuwa a ta rago.

Mataki na biyu: ka gaya wa Allah gaskiya

An raine mu da kunya, kuma kunya ado ce. Ba ma kallon babba ido cikin ido, ba ma ce masa "ka ɓata mini rai". Sai muka ɗauki wannan muka kai gaban Allah, muna yi masa addu'ar gaisuwa: mun gode, mun gode, alhali ciki yana tafasa. Wanda ya san abin da ke zuciya, me za ka ɓoye masa?

Baba ya buɗe mini Zabura 13 ya ce in karanta da ƙarfi. Sau huɗu Dawuda ya tambaya, har yaushe? Har yaushe za ka manta da ni, har yaushe za ka ɓoye mini fuskarka? Na tsaya a tsakiya na ce, "Baba, ana iya faɗa wa Allah haka?" Ya ce, "Shi ya sa aka rubuta, ɗana. Ƙarasa." Cikin Zabura 150, kusan kashi ɗaya cikin uku kuka ne da kai ƙara. Zabura 88 ma ba ta ƙare da yabo ba, ta ƙare ne da duhu, kuma Ruhu Mai Tsarki ya bar ta a cikin Littafi. Ubangijinmu a kan gicciye da farkon Zabura 22 ya yi kira, yana tambayar don me aka yashe shi.

Ga yadda za ka yi. Ka ɗauki mako guda, kowace rana Zabura ɗaya: 13, 42, 43, 63, 77, 88, 130. Ka karanta da murya, ba a zuci ba, cikin harshen da kake kuka da shi. In da Hausa ka tashi, ka karanta da Hausa, tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki a harshen nan. In akwai fassara a yarenku, ya fi. Karanta sau biyu a hankali. Inda wata aya ta taɓa ka, ka tsaya, ka mai da ita taka: ka sa sunan wanda ya rasu, sunan aikin da ka rasa, shekarun da kika yi kina jiran haihuwa. Daga nan ka faɗi jimla biyu ko uku naka na kanka, ba ado. Tawa ta farko ita ce, "Ya Ubangiji, na yi fushi da kai, kuma ban san yadda zan daina ba." Bayan wata bakwai, wannan ce addu'ar farko da na ji ta fita daga cikina.

In kalmomi sun ƙi zuwa sam, ka zauna shiru a gabansa. Romawa 8:26 ta ce Ruhu yana roƙo dominmu da nishe-nishen da baki ba ya iya furtawa. Ko ka ari addu'ar mahaifin yaron nan a Markus 9:24, wanda ya ce ya ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyarsa. Addu'ar Ubangiji ma tana nan, ka faɗe ta layi-layi kana numfashi a tsakani.

Mataki na uku: in akwai laifi, ka kira shi da sunansa, ka gyara abin da ke gyaruwa

"Ka gafarta mana zunubanmu na sani da na rashin sani" addu'a ce mai kyau a taro, amma a ɗaka takan zama mafaka. Ka ce: na ci kuɗin adashin nan. Ina hira da matar da ba tawa ba. Na yi shekara biyu ba na gaisawa da ɗan'uwana saboda gonar gado. Na je wurin boka da yarona ya yi ciwo. Ka karanta Zabura 51 a durƙushe, sannan ka riƙe 1 Yahaya 1:9, cewa in mun furta zunubanmu shi mai aminci ne, mai adalci, zai gafarta mana ya tsarkake mu. In kai ɗan Katolika ne, ka je wurin fada ka yi ikirari, kada ka ƙara ɗagawa.

Amma akwai rabin da ke tsakaninka da mutum. A Matiyu 5:23-24 Yesu ya ce in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna. Na san wata mata a zumuntarmu da ta yi shekaru ba ta magana da matar wan mijinta, gida ɗaya, rijiya ɗaya. Tana ta kukan addu'arta ba ta tashi. Ranar da ta ɗauki kwanon tuwo ta tsallaka tsakar gida ta yi sallama a ƙofar ɗakin, hannunta yana rawa har miya tana zuba, ta ce, "Yaya, na zo ne mu yafi juna." Ba a ranar komai ya daidaita ba, amma ta ce a daren ta yi addu'a kamar an sauke mata dutse daga ƙirji. In bashi ne, ka je ka faɗi yadda za ka biya, ko kaɗan-kaɗan. In lamba ce a waya, ka share ta yau.

Kuma da zarar ka furta, ka daina tono. Ɗan nan da ya ɓace a Luka 15 ya shirya jawabi, yana so a mai da shi ɗaya daga cikin barori, mahaifinsa bai bari ya kai wurin ba, ya sa aka kawo riga. Wanda aka yafe wa ya ci gaba da hukunta kansa, nisa yake ƙarawa.

Mataki na huɗu: ƙaramin lokaci, wuri ɗaya, kowace rana

Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne ɗaukar alkawari mai nauyi. An dawo daga taron farkawa, sai a ce daga yau awa biyu kowace asuba, sura goma kowace rana. Kwana huɗu a gaji, sai kunya ta ƙaru a kan nisan. Wanda ya tashi daga jinya da kunu yake farawa.

Minti 15 ya isa. Ka zaɓi lokacin da za ka iya riƙewa, ka ɗaure shi da wani abu da kake yi kullum: bayan wanke fuska kafin a hura wuta, ko bayan yara sun tafi makaranta, ko da ka buɗe shago kafin masu saye su fara zuwa. A garuruwanmu da yawa kiran sallar asuba na maƙwabtanmu yakan tashe mu, ni da shi nake sanin lokacina ya yi. Ka zaɓi wuri ɗaya. Yesu ya ce ka shiga ɗaka ka rufe ƙofa, amma mun san gidan haya mai ɗaki ɗaya da mutum shida. Bayan ɗaki ya isa, gindin bishiya ya isa, majami'a a ranar da ba taro ta isa. Waya kuwa ka bar ta a wani wuri. In a cikinta Littafinka yake, ka kashe data kafin ka buɗe, don saƙo ɗaya na WhatsApp yana iya cinye minti 15 ɗin duka.

Yadda nake raba lokacin: minti biyu na shiru, ina zaune, ina faɗa a zuci, "Ga ni, ya Ubangiji." Sai karatu. Ga wanda yake jin nisa ina ba da shawarar Bisharar Markus, sura 16 ce kawai, labari ne mai tafiya, kuma Yesu kake kallo a kowane shafi. Kada ka karanta sura guda, ka ɗauki labari ɗaya: kuturun da ya taɓa, matar da ta taɓa rigarsa, Bartimawas makaho a bakin hanyar Yariko. Karanta sau biyu, ka tambayi kanka abu biyu: me Yesu ya yi a nan, kuma ni wane ne a cikin labarin? Sannan ka yi masa magana a kan abin da ka gani. Ka rufe da rubuta layi ɗaya a ƙaramin littafi, da kwanan wata. In karatu yana ba ka wuya, akwai Littafi Mai Tsarki na saurare da Hausa da ake sawa a waya, ko ka sa ɗanka ya karanta maka.

Tunani zai yi ta yawo, kan kuɗin taki, kan abin da za a dafa. Ka dawo da shi a hankali kamar yadda ake juyo da akuya, ba da duka ba. In ka tsallake rana, washegari ka ci gaba daga inda ka tsaya, ba ramuwa.

Shirun nan kada ka raina shi. A Horeb iska mai tsaga duwatsu ta wuce, girgizar ƙasa ta wuce, wuta ta wuce, Ubangiji ba ya cikinsu, sai wata 'yar murya siririya. Muna son sujada mai kiɗa da rawa, ni ma ina so, ganga da shantu da muryoyin mata suna ɗaga rai. Amma wanda ya saba sai da lasifika yake jin Allah, ranar da ba wuta zai ɗauka an bar shi.

Da dare kuma, kafin barci, minti biyar: ka bi ranar daga safe, ka nemo abu uku da za ka gode, ƙanana, irin ruwan da aka kawo ko mai babur da ya yi maka ragi. Ka duba inda ka kauce, ka nemi gafara, ka miƙa gobe. Wannan dubawar ta dare tsohuwar al'ada ce da Ignatiyus na Loyola, mutumin Sifen da ya rasu a 1556, ya koya wa almajiransa. Amfaninta shi ne tana koya wa ido ganin sawun Allah a inda da ake wucewa ba a lura ba.

Mataki na biyar: kada ka yi yasar nan kai kaɗai

Ba a shiga rijiya ba tare da wani a bakinta yana riƙe da igiya ba. Nisa da Allah yakan jawo nisa da mutane: ka fara zama a bencin baya, ka fice kafin a gama albarka, daga nan ka daina zuwa. Toma ba ya nan a daren da Yesu ya bayyana ga almajirai bayan tashinsa daga matattu, sai ya zauna da shakkarsa. Amma bayan kwana takwas yana cikinsu, da shakkar tasa, a nan Yesu ya same shi. Ka je sujada ko ba ka jin komai. In ba ka iya waƙa, ka bari waƙar 'yan'uwa ta ɗauke ka. Kada ka guje wa Jibin Ubangiji don kawai zuciyarka ta yi sanyi, mutanen Imuwasu a wurin gutsura gurasa idonsu ya buɗe. In wani laifi ne ya sa kake ja da baya, ka gyara, ka yi magana da fastonka, ka dawo.

Sannan ka nemi mutum ɗaya. Ba taro ba, ba dandalin waya ba. Wanda ya girme ka a bangaskiya, mai riƙe sirri, mai saurare fiye da magana. Namiji ya nemi namiji, mace ta nemi mace, wannan kariya ce ga kowa. Ka ce masa, "Baba, ina cikin wani hali, ina so ka riƙa tambayata duk mako." Ni Baba kowace Talata yake zuwa. Wani lokaci ba ma yin minti 20. Ya tambaye ni me na karanta, in faɗa, ya yi addu'a gajeriya, ya hau kekensa.

Na san akwai waɗanda ikilisiya ce ta ji musu ciwo: an yi gulmarsu, an nuna musu bambancin ƙabila, wani shugaba ya ci amanarsu. Wannan ciwo na gaske ne, kuma ba zan ce ka yi kamar bai faru ba. In zama a wurin ya gagara, ka nemi wata ikilisiya mai koyar da Maganar Allah, ko ka fara da ƙaramar ƙungiyar addu'a ta gida. Abin da nake roƙonka shi ne kada laifin bawa ya raba ka da Mai gida.

Mataki na shida: ka fita da hannunka

Wannan gajere ne. Ishaya 58 ta ce ka raba abincinka da mayunwaci, ka shigar da marar gida, ka suturta huntu, sa'an nan za ka yi kira Ubangiji ya amsa. A Matiyu 25 Yesu ya ce yana wurin mai yunwa, da baƙo, da majiyyaci, da ɗan kurkuku. Ka zaɓi mutum ɗaya a makon nan, gwauruwar da ke layinku ko maras lafiyar da aka daina zuwa dubawa, Kirista ne ko Musulmi. Ka je da mudun masara ko da hannu wofi, ka zauna. Kada ka ba kowa labari.

Abubuwan da za ka kiyaye

Kada ka yanke babban hukunci a cikin wannan hali. Ignatiyus ɗin nan ya gargaɗi mutanensa cewa lokacin duhun zuciya ba lokacin sauya shawarar da aka yanke da haske ba ne. Barin aure, ajiye hidima, fita daga bangaskiya, duk ka jinkirta su. Hutu daga wani aiki na ikilisiya dabam ne, wannan kana iya nema a fili.

Ka yi hankali da masu sayar da kusanci. Mai ƙishi yana iya shan kowane ruwa, kuma akwai masu jiran irinka: a ce ka kawo kuɗi a karya maka wani abu, ka sayi mai ko ruwa na musamman, ko a nuna maka wata tsohuwa a danginku a ce ita ta ɗaure ka. An raba gidaje da yawa da irin wannan. Labulen Haikali ya tsage tun ranar da Yesu ya mutu, ba mai karɓar kuɗin shiga a ƙofar.

Azumi yana da kyau, amma ba a murɗe hannun Allah da shi. Ka fara da tsallake abinci ɗaya, ka ba da lokacin ga addu'a. Mai gyambon ciki, mai ciwon suga, mai juna biyu da mai shayarwa su nemi shawarar likita tukuna, ko su yi azumin waya.

Wannan kuma ina roƙonka ka ji shi da kyau. In ka wuce mako biyu ba ka jin daɗin komai, ba addu'a kaɗai ba, barci ya lalace, abinci ya fita ranka, kana kuka ba dalili ko kana tunanin gara mutuwa, wannan yana iya zama ciwon damuwa, kuma ana maganinsa. Ka gaya wa wani yau, ka je asibiti. Akwai asibitocin gwamnatin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Kaduna da Maiduguri, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Ganin likita ba ƙarancin bangaskiya ba ne, kamar yadda ɗaurin karaya ba ƙarancin bangaskiya ba ne.

In ranin ya daɗe

Ka ba wannan tsari kwana 40 kafin ka auna, kuma kada ka auna da hawaye ko tsuma. Ka duba ko ka fi faɗa wa Allah gaskiya, ko haƙurinka da iyali ya ƙaru, ko ka fi saurin neman gafara. Ka buɗe ƙaramin littafin nan ka karanta daga farko, za ka ga abin da ba ka lura da shi ba sa'ad da kake ciki.

Zai yiwu ka yi duk wannan jin ya ƙi dawowa da wuri. Wasiƙun Uwa Teresa ta Kalkata da aka buga a 2007, shekara 10 bayan rasuwarta, sun nuna ta yi kusan shekara 50 tana fama da irin wannan duhu, tana tashi kowace asuba ta yi addu'a ta fita wurin matalauta. Habakuk ya rufe littafinsa da cewa ko ɓaure bai yi toho ba, ko garke ya ƙare, zai yi murna da Ubangiji. Yakubu 4:8 ta ce ku kusaci Allah, shi ma zai kusace ku, ba ta sa rana ba.

Nawa ya ɗauki wajen wata uku bayan zuwan Baba na farko, kuma ba da wata ƙara ya zo ba. Wata asuba ce da hunturu, ina lulluɓe da bargo a bayan ɗaki, na gama Markus na shiga Yahaya har na kai sura 11. Na iso wurin da Maryamu 'yar'uwar Li'azaru ta faɗi a ƙafafun Yesu ta ce da yana nan da ɗan'uwanta bai mutu ba. Maganar da na riƙe a ciki ke nan tun ranar jana'iza. Na ci gaba in ga abin da zai ce mata, sai na tarar bai tsawata mata ba, ya tambayi inda aka sa shi, ya yi hawaye. Na rufe littafin na daɗe a zaune har rana ta fito. Ranar Talata da Baba ya jingine kekensa ya tambaye ni me na karanta, na ce, "Yahaya 11, Baba." Ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya ce in kawo masa ruwa ya sha.